Gyaran sautin Corolla ta: inda aikin ya kai bayan Asabar huɗu

'Yan'uwa masu koyo irina, ga bayanin inda na tsaya. Motar Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano, da rediyonta na kamfani ta zo hannuna. Ba ƙara nake nema ba. Abin da ya dame ni shi ne in ina kan hanyar Kano zuwa Zariya ina jin karatu ko labarai, da na ɗan ƙara murya sai ƙofar direba ta kama kakkarwa, maganar ta cakuɗe. Rabin kalma nake ji, rabi ina cikowa da ka.

Asabar ta farko rediyo na taɓa. Kafin komai na kwance kan batir na wajen baƙar waya, ku ma kada ku tsallake wannan. Ramin rediyon motar mai hawa biyu ne, wanda ake kira dabul DIN, faɗin milimita 180, tsayi 100, don haka sabon da na saya mai Bluetooth da USB ya zauna da ƙarafunan gefe na tsohon. Na riga na tanadi soket ɗin haɗi na Toyota, wanda lambarsa a wajen kamfanin Metra 70-1761 ce, don kada in yanke waya ko ɗaya. Da na zaro rediyon sai na tarar wani ya riga ni: an datse soket ɗin kamfani, an murɗa wayoyi da hannu an naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin duk ya yi danƙo.

Dole na koma ga mita, na'urar auna wuta. Na mayar da batir na ɗan lokaci, na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta nuna bolt 12.6 alhali makulli na aljihuna, ita ce mai wuta kullum, ita ke haɗuwa da rawayar waya ta sabon rediyo, ita ke sa ya riƙe tashoshi da agogo. Wadda ba ta kawo wuta sai an murɗa makulli, ita ke haɗuwa da jar waya ta sabon rediyo. In kuka juya waɗannan biyun rediyo zai yi aiki, amma kullum da safe sai kun sake neman Freedom 99.5 daga farko. Wayoyin sifika kuwa da ƙaramin batir na rimot mai bolt 1.5 na gano su: ka taɓa waya biyu a kansa, sifikar da ta ce "ƙwas" ita ce tasu. Launin sabbin rediyoyi kusan ɗaya ne ko'ina: fari gaba hagu, toka-toka gaba dama, kore baya hagu, shunayya baya dama, mai baƙin layi a jiki ita ce ta ragi, wato mai alamar (-). Gargaɗi ɗaya da nake so ya zauna muku: duk soket ko rigar waya mai launin rawaya da kuka gani a ƙarƙashin dashbod, ta jakar iska ce. Ba ita ce rawayar rediyo ba. Kada mita ta je wurin, balle batir.

Kowane haɗi da dalma na like shi, na sa robar nan mai tsukewa in ta ji wuta. Ya ci mini yini guda. Sauti ya ɗan washe, amma ƙofar direba tana nan da kakkarwarta.

Asabar ta biyu na buɗe ƙofofin gaba, a nan na ga asalin ciwon. Sifikun kamfani na takarda ne, soson da ke zagaye da bakinsu ya rube, ina taɓawa yana zuba kamar garin tuwo. Shekara da shekaru na ranar Kano a cikin ƙofar ƙarfe, ba abin mamaki ba ne. Toyota da rifit ta kama su, ba da noti ba, sai da na huda kawunan rifit ɗin da injin huda. Sababbin masu inci 6.5 ne, om 4, kuma ba sa zama kai tsaye, sai da zoben ɗori. Na kai wa kafinta katako ya yanko mini biyu, na shafe su da fenti sau biyu saboda ruwan damina yana bin gilashi ya sauka cikin ƙofa. Kafin ku ɗaure, ku sauke gilashi har ƙasa ku tabbata bai taɓa maganaɗisun sifika ba. Ledar da ke manne a jikin ƙofar kuma ku mayar da ita yadda take, ita ke hana ruwa jiƙa bangon ciki. Maɓallan roba uku sun karye mini wajen ɓamɓarowa, na samo madadinsu a Ƙofar Ruwa.

Na kuma manna tabarmar kashe kakkarwa a bayan kowace sifika, kamar tafin hannu huɗu a ƙofa ɗaya. Ku nemi ta robar butil. Mai kwalta ta fi araha, amma a zafinmu na Afrilu narkewa take, ta zame, ta cika mota da wari. Ranar da na rufe ƙofofin nan na kunna karatu, na ji numfashin mai karatun tsakanin aya da aya. A ganina duk wanda kuɗinsa bai kai ya yi komai ba, nan ya kamata ya fara, tun kafin rediyo.

Asabar ta uku ta amfilifaya ce, na'urar da ke ƙara wa sautin rediyo ƙarfi, kuma ita ta fi ba ni wuya. Rubutun "50W x 4" da ke jikin kwalin rediyo ƙarfin ɗan lokaci ne. Ƙarfin da yake iya riƙewa, wanda ake rubuta wa RMS, bai cika wuce wat 20 ba a kowace sifika. Na sayi amfilifaya mai hanya huɗu, wat 60 RMS kowace hanya. In ka haɗa lissafi da asarar da ke tafiya a zafi, tana iya jan amfiya 30 da ɗoriya daga batir. Saboda haka waya mai kaurin lamba 8 nake buƙata, ta jan ƙarfe zalla. Wadda aka fara sayar mini kauri gare ta, ga kyan gani, amma ba nauyi. Na kankare silin ɗaya da wuƙa sai ga fari a ciki: alminiyam ne aka yi wa rigar jan ƙarfe. Alminiyam kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, ga saurin cin tsatsa a bakin haɗi. Na mayar, na ƙara kuɗi na karɓi ta gaske. Raina ya ɓaci, don wanda bai sani ba haka zai shimfiɗa ta ƙarƙashin kafet ya ɗauki iyalinsa.

Fiyus mai amfiya 40 na sa kusa da batir, bai kai santimita 45 daga kansa ba. Wannan fiyus ɗin waya yake karewa. In rigarta ta goge a jikin ƙarfe babu shi, wuta ce za ta tashi. Inda wayar ta ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗaki, ta cikin robar kamfani na bi da ita. Wayar wuta ta bi gefen da batir yake, wayoyin RCA masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya suka bi ɗaya gefen, siririyar shuɗiya mai farin layi kuma ta tafi ta tayar da amfilifaya in an kunna rediyo.

Na tayar da mota, sai ga wani siririn kuka kamar na sauro a sifika, ina taka totur yana hawa, ina saki yana sauka. Kwana shida ina fama. Na canza RCA, na sake musu hanya, shiru. Wani dattijo mai wayarin a unguwarmu ya leƙo ya ce, "Ɗana, ina ka ɗaure as ɗinka?" As ita ce baƙar wayar amfilifaya da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Na nuna masa notin da ke ƙarƙashin kujera. Ya sa yatsa ya shafa wurin ya ce, "A kan fenti ka ɗaure." Asabar ta huɗu na sami wuri mai ƙarfe sosai, na goge da samfefa har ya yi ƙyalli, na gajarta baƙar wayar, na ɗaure tam na shafa girisi a sama. Kukan ya ɗauke gaba ɗaya.

Maɓallin "gain" ba na ƙara murya ba ne, na daidaita amfilifaya da rediyo ne. Na cire wayoyin sifika daga amfilifaya na sa mita a wurinsu, na kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, na kunna sautin gwaji na has 1,000, na murɗa a hankali har mita ta nuna bolt 15.5, wanda shi ne daidai wat 60 a om 4. Sai na sa matatar da ke tare sautin ƙasa da has 80 don kada ƙananan sifikun su wahala. Inji na aiki batir yana nuna bolt 14.1, fitilu ba sa lumshewa.

Sifikun baya har yanzu na kamfani ne, na rage musu murya kawai. Sai an cire kujerar baya kafin a kai gare su, na bar shi sai Asabar mai zuwa. Wufa kuma, wato babbar sifika mai kaurin sauti, na jinkirta, don buhun shinkafa da kayan yara sun fi buƙatar but ɗin a yanzu. Wanda ya taɓa ciro faifan da ke rufe sifikun bayan Corolla irin wannan ba tare da ya karya maɓallansa ba, ina son jin ta wane gefe ya fara.