Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kamun da Ya Biyo Bayan Zaɓe

A makon jiya na tsaya ne a ranar 23 ga Fabrairun 2021, lokacin da hukumar zaɓe ta CENI ta bayyana Bazoum Mohamed a matsayin wanda ya lashe zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasar Nijar, shi kuma ɗan takarar 'yan adawa Mahamane Ousmane ya ce sam bai yarda ba, shi ne ya yi nasara. Kafin magariba hayaƙin tayoyi ya turnuƙe unguwanni da dama na Yamai.

Ba na musun cewa an yi ɓarna, domin an ƙona gidaje, har da na ɗan jarida Moussa Kaka. Sai dai ƙanena, wanda ya wakilci 'yan adawa a wata rumfar zaɓe, bai taɓa ɗaga dutse ba. Abin da ya yi shi ne ya zauna a fadarsu ta shan shayi yana karanta wa abokansa sakamakon rumfar tasa, yana cewa kotu ya kamata a nufa. Da dare aka zo aka tafi da shi, ko takalmi bai saka ba.

Ministan cikin gida Alkache Alhada ya sanar da mutuwar mutum biyu da kama 468. Jigon 'yan adawa Hama Amadou ya miƙa kansa ga 'yan sanda, daga baya aka kai shi gidan kason Filinge, kuma duk da ina ganin tsarewar tasa ba daidai ba ce, shi duniya ta san inda yake, yana da lauyoyi. Mu kuwa, da yake an katse intanet na tsawon kimanin kwana goma, da ƙafa na riƙa bin ofis-ofis ina tambayar inda ƙanena yake, kowa na tura ni gaba.

Ranar da na gano inda yake, sai da mai gadi ya sa na ɗanɗana tuwon da na kawo, ya kuma yayyanka shi da cokali yana dubawa. Ƙanena ya rame, idanunsa sun yi ja saboda cunkoson ɗakin ya hana shi kwanciya.

"Yaya, kada ki gaya wa Inna yadda kika gan ni," in ji shi. "Ki ce mata lafiyata ƙalau."

Har wannan rana ba wanda ya karanta masa tuhumar da ake yi masa. A mako mai zuwa, in Allah ya yarda, zan ba da labarin yadda muka sayar da keken ɗinkina domin biyan lauya.