Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Lokacin da Awon Hawan Jini Ya Zama Aikin Kullum

Assalamu alaikum masu bibiya. A makon jiya mun tsaya a daidai lokacin da na koma aiki a ƙaramin asibitin matakin farko a jihar Kano. Wannan zangon na rayuwata kusan duka aikin hawan jini ne ya cinye shi, don haka bayanin aikin zan yi muku yau dalla-dalla.

A ƙarshen 2020 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da shirin ƙasa na shawo kan hawan jini, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar Resolve to Save Lives. Da jihohi biyu aka fara, Kano da Ogun, a ƙananan asibitoci 104. A Abuja ma akwai makamancinsa a asibitoci 60, wanda Jami'ar Abuja ke ciki. Duka sun samo tushe ne daga tsarin HEARTS na yaƙi da cututtukan zuciya, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016. Rahoton hukumar na 2023 ya ce cikin manya uku a duniya ɗaya na da hawan jini, kuma huɗu cikin biyar na masu shi ba sa samun kulawar da ta dace. Likitoci ba za su wadatu ga wannan tarin jama'a ba, shi ya sa aka sauko da aikin hannun ma'aikatan lafiya na unguwa da ƙauye irinmu, da ƙa'ida guda: duk baligin da ya shigo asibiti, ko zazzaɓi ne ya kawo shi, ko rakiya ya yo, a auna shi.

Awon kansa ne wurin da aka fi yin ɓarna, kuma a ganina shi ne rabin aikin. Mutum zai zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafunsa a shimfiɗe a ƙasa ba a harɗe ba. Hannunsa a kan tebur daidai saitin zuciya. Idan fitsari ya matse shi, ya fara zagawa. Idan ya ci goro, ya sha sigari ko shayi mai kauri, a jira rabin awa. Maɗaurin na'urar a kan fatar dantse ake sa shi, kamar yatsu biyu sama da gwiwar hannu, ba a kan hannun babbar riga ko hijabi ba. Kuma naɗe hannun riga har ya shaƙe dantse shi ma yana ɓata awo. Gara a zare hannun gaba ɗaya a bayan labule. Yayin da na'ura ke hurawa babu magana, ko gaisuwa ce. Wannan yana da wuya a wurinmu, domin dattijo zai ga rashin ladabi ne a yi shiru, sai an ce masa, "Baba, a yi haƙuri minti ɗaya, za mu gaisa sosai."

Girman maɗauri ma abin lura ne. Idan aka sa ƙarami a dantse mai kauri, na'ura za ta nuna lamba sama da gaskiya, a ɗora wa mai lafiya magani. Ya kamata kowane ɗakin awo ya mallaki matsakaici da babba. Sannan a rubuta lambar yadda ta fito. Wanda ya ga 138 ya rubuta 140, lambar da hawan jini ke farawa, don ta yi kyan gani ya mayar da mutum majinyaci da alƙalaminsa.

Idan awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, a sake bayan minti ɗaya ko biyu. Ba a yanke hukunci da zuwa ɗaya. Sai an tabbatar a wata ranar daban. Amma wanda ya kai 180 bisa 110, musamman da matsanancin ciwon kai, dishi-dishin gani, ciwon ƙirji, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, wannan ba na jira ba ne. Babban asibiti za a tura shi nan take.

Tsarin maganin a takarda ɗaya yake, manne a bango. Matakin farko amlodipine miligiram 5 sau ɗaya a rana. Bayan wata ɗaya, idan jini bai sauka ƙasa da 140 bisa 90 ba, a haɗa da losartan miligiram 50. Idan bai ji ba, a ninka su: amlodipine 10, losartan 100. Mataki na huɗu a ƙara hydrochlorothiazide miligiram 25, mai sa yawan fitsari, shi ya sa da safe ake shan sa. Idan duk wannan bai yi ba, sai likita. Wanda aka tarar da jininsa ya kai 160 bisa 100 daga mataki na biyu ake fara masa.

Kafin a hau mataki na gaba akwai tambayar da ba a tsallakewa: "Hajiya, kina shan maganin kullum kuwa?" Sau da yawa za ta ce eh. Sai a roƙi ta kawo kwalin, a ƙirga ƙwayoyin da suka rage tare. Ƙara ƙarfin magani ga wadda ba ta sha ba, ranar da ta tashi sha, jiri ne zai kwashe ta.

Losartan haramun ne ga mai juna biyu, domin yana cutar da ƙodar ɗan tayi. Duk macen da ke shekarun haihuwa sai an tambaye ta, a keɓe, ba a gaban surukarta ba. Mai ciki da hawan jini kuma ba a wannan layin take ba, sashen awon ciki ne da likita. Amlodipine kuwa yakan kumbura ƙafa wajen idon sawu, musamman a miligiram 10. Idan ba a faɗa wa mutum tun farko ba, zai ɗauka ƙodarsa ce ta lalace ko an yi masa jifa, ya watsar da magani ya koma jiƙe-jiƙe.

Babban ramin da aikin ke faɗawa shi ne rashin dawowa. Hawan jini ba ya ciwo a yawancin mutane. Mutum zai sha na wata ɗaya, a ce masa jini ya sauka, ya yi hamdala, ya ɗauka ya warke. Alhali maganin ne ke riƙe da shi; ranar da aka saki, zai koma inda yake. Saboda haka kowane majinyaci yana da kati da rajista da ranar dawowa, da lambar waya biyu in da hali, tasa da ta wani ɗan gida. Wanda ya wuce ranarsa a kira shi. Wanda jininsa ya daidaita ana iya ba shi maganin wata uku, don kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana talaka zuwa kowane wata. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum ya cika alkawari ya zo, ya tarar magani ya yanke. Ba ya sake dawowa, kuma ba laifinsa ba ne. Mai kula da ɗakin magani dole ya ƙirga masu rajista, ya riƙe aƙalla na wata uku a ajiye, ya nemi sabo tun kafin ya taɓa na ƙarshe.

Sai abin da ake ci. Ƙa'idar gishiri ƙasa da giram 5 ce a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma lissafin ya haɗa da ɗunƙulen miya, yaji, kilishi, taliyar yara da garin ɗanɗanonta, har da kanwa. Uwargida za ta rantse ba ta sa gishiri da yawa, amma ɗunƙule biyar ta marmasa a tukunya. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da ake saye a kemis kamar gyaɗa, suna ɗaga jini suna kuma wahalar da ƙoda. Leburori da masu ciwon gwiwa su ne suka fi shan su, kuma ba sa faɗa sai an tambaya da suna. Da azumi kuwa ba a dainawa. Tunda sau ɗaya ne a rana, sai a mayar da shi lokacin buɗa baki ko sahur, bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

A ƙarshen Oktoban 2024 kwamishinonin lafiya na jihohi suka yi gangamin auna mutum miliyan 10 hawan jini da ciwon sukari, kuma kowace 17 ga Mayu ana bikin ranar hawan jini ta duniya da awo kyauta. Ina maraba da su, amma awon kasuwa da tasha ba ya amfani idan ba a ba mutum takarda mai sunan asibitin da zai je da ranar da zai je ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga batun ciwon sukari da yadda aka haɗa awonsa da na hawan jini a teburi ɗaya.