Naman Dinya: Yadda Nake Haɗa Shi da Yaji da Tsamiya

Naman dinya ja ne tun daga ƙirji har cinya. Babu farin nama a jikinta irin na ƙirjin kaza, idan aka yanka tsokar aka ajiye a faranti wanda bai sani ba zai rantse naman sa ne. A samansa akwai fata mai kauri, ƙarƙashin fatar kuma kitse ne kwance, wani wurin ya kai kaurin yatsa. Waɗannan biyun, jan nama da yawan kitse, su ne suke nuna wa mai girki hanya, kuma su ne dalilin da ya sa ban taɓa jefa dinya ɗungurungum cikin tukunya ɗaya ba.

Yayan maigidana ne yake kiwonsu a gonarsa da ke bayan gari. Don gadi ya fara ajiye su, saboda baƙo ba ya shiga wurin ba su cika unguwa da kuka ba. Da suka yi yawa sai ya riƙa aiko mana. Matarsa ta ce da ni ita ta haƙura da dafa su, ƙarni da maiƙo sun hana yaranta ci. Na ce, "Yaya, ki bar ni da su." Abin da ke ƙasa shi ne abin da hannuna ya saba da shi tun daga lokacin.

Magana ta farko ita ce shekaru. Dinyar gida tana iya kaiwa shekara 15 ko fiye a raye, kuma waɗanda aka ajiye don gadi galibi sun manyanta. Kafin a yanka nakan matsa bakin na ƙasa da yatsa, in taɓa tafin ƙafar. Idan bakin yana ɗan lanƙwasa, ƙafar kuma da laushi, ƙarama ce, ƙirjinta zai yi tsire. Idan ya ƙame ƙam, tsohuwa ce, wannan sai dai tukunya da haƙuri. Kar kuma girmanta ya ruɗi kowa. Dinya mai kilo 5 ƙashi da rami da kitse ne suka fi yawa a jikinta, mutum 6 zuwa 8 za ta ƙosar, ba taron suna ba.

Figa ita ce aikin da ya fi cin rai. Gashin tsuntsun ruwa yana da maiƙo, ruwan zafi ba ya ratsa shi da wuri, don haka nakan tsoma ta in riƙa ɗaga gashin da muciya har ruwan ya kai fata. Bayan manyan gashin akwai wani lallausa a ƙasa mai manne wa hannu, shi babbaka ce maganinsa. Sannan a saman jela akwai wani ɗan ƙullutu da take matso mai daga ciki tana shafe gashinta. A yanke shi a yar. Rabin ƙarnin da mutane ke kuka da shi daga nan yake. Sauran kuma lemun tsami da gishiri suna ɗauke shi.

Daga nan sai in raba ta. Ƙirji biyu gefe guda, cinyoyi gefe guda, wuya da fukafukai da ƙashin baya da ƙundu su ma nasu wurin, sai kitsen ciki da duk fatar da ta yi saura. Ƙirji gajeriyar wuta yake so, cinya kuwa sai ta daɗe tana dahuwa. Idan aka haɗa su, ko dai ƙirjin ya bushe kafin cinya ta nuna, ko a sauke cinya tana tauri.

Da kitsen nake farawa, domin duk sauran girkin a kansa ya dogara. Kitsen ciki da hannu ake ciro shi, dunƙule-dunƙule, fari sol. In yayyanka shi ƙanana tare da ragowar fata, in zuba a tukunya mai kauri da ruwa rabin kofi, in rage wuta sosai. Ruwan yana hana shi kamawa kafin ya fara narkewa. Da farko za a ga ya yi fari-fari yana tafasa da ƙara. Can sai ƙarar ta ragu, man ya washe ya zama ruwan zinare, guntayen fatar su taso sama sun yi ja. Lokacin saukewa ke nan. Dinya mai ƙiba takan ba ni mai fiye da rabin lita. Guntayen nan kuwa, ina tsame su in barbaɗa musu yaji da gishiri tun da zafinsu, kuma ba sa kaiwa falo, a bakin murhu yara suke gamawa da su.

Tsiren ƙirji kuwa wurin mai tsiren bakin layinmu na samo kansa. Na kai masa tsoka ɗaya na ce, "Malam, duba min wannan, yaya za a yi da shi?" Ya juya shi, ya latsa, ya ce, "Hajiya, wannan ba ya son harshen wuta, garwashi yake so. Kuma ki yanka shi a kwance, kar ki bi jijiya." Haka nake yi. Ina cire fatar, in fere naman fale-fale a karkace, in tsire a tsinke. Maimakon man gyaɗa, man dinyar nake shafawa. Yajin kuma ni nake dakawa: ƙuliƙuli, busasshiyar citta da yawa, barkono, masoro, kanumfari ƙwaya uku ko huɗu, kimba ɗaya, gishiri da ɗan dunƙule. Kimbar sai an fasa an zubar da 'ya'yan, ɓawon ake so, 'ya'yan ɗaci ne da su. Citta nake fifitawa a kan barkono a nan, domin naman yana da nauyi a baki, zafin citta ne yake ɗaga shi, barkono idan ya yi yawa rufe ɗanɗanon yake yi.

Ana jera tsinkayen a gefen garwashi, ba a kansa ba, saboda man yana ɗiga, da zarar ya taɓa wuta sai ta tashi ta baƙanta ƙulin. Mintuna kaɗan kowane gefe sun isa. Turawa sukan bar ƙirjin da ja a tsakiya. Ni ba na yin haka. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya a 2006 nake tabbatar da cewa duk naman tsuntsu ya nuna har ciki, ma'aunin da masana lafiyar abinci suke bayarwa shi ne digiri 74 a ma'aunin Celsius. Amfanin yanka shi fale-fale ke nan, yana nuna kafin ya bushe.

Yaji kaɗai ba ya gama aikin, kuma nan ne na fi daɗewa ina tunani. Bayan loma uku ko huɗu sai baki ya yi nauyi, mutum ya ji ya ƙoshi alhali bai ci komai ba. Tsami ne yake wanke wannan nauyin. Ƙanena da yake zuwa saro kaya a Guanzu ta ƙasar Sin ya ba ni labarin yadda ake rataye gasassun dinyoyi a tagogin gidajen abinci, fatarsu ja tana sheƙi. Bai ci ba saboda bai san yankan ba, amma ya lura ba a kawo ta sai da wani ɗan romo mai tsami da zaƙi na 'ya'yan itace. Ba abin mamaki ba ne su ƙware, ƙasar Sin ce take samar da sama da kashi 90 cikin 100 na naman dinyar duniya. A Jamus ma, inda ake cin gasasshiyar dinya ranar 11 ga Nuwamba da lokacin Kirsimeti, da jan kabeji ake haɗa ta, wanda aka dafa da tuffa da ruwan tsami. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mu kuma tsamiya muke da ita, kuma a ganina babu abin da ya kai ta dacewa da wannan nama.

Ga yadda nake yin romon. In jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi, in dama, in tace mai kauri. In soya albasa a cokali biyu na man dinya har ta yi laushi, in zuba jajjagen attaruhu da ɗanyar citta da tafarnuwa. Sai ruwan tsamiyar, da dabino huɗu ko biyar da aka cire wa ƙwallo aka jiƙa aka dame. A bar shi ya yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta har ya kama bayan cokali. Dabinon ba don zaƙi ya fito fili ba ne, don ya kashe kaifin tsamiyar ne kawai. Wani lokaci nakan sa zoɓo a madadin tsamiya, launin ya fi kyau, amma tsaminsa bai kai zurfin nata ba. Tsire, wannan romon, yankakkiyar albasa da gurasa mai ɗumi: maigida bai taɓa barin saura ba.

Cinyoyin su ne na fi so. Da daddare nake shafe su da gishiri, dakakkiyar tafarnuwa, masoro, citta da ɗan kanumfari, su kwana a firji. Da safe in goge gishirin, in jera su a ƙaramar tukunya, in zuba man da na narkar har ya rufe su. Wutar ta zama ƙasa-ƙasa, man ya riƙa fitar da ƙwayar kumfa ɗaya-ɗaya, kar ya kai ga suya. Awa 3 ke nan, tsohuwa har 4. Mutanen kudu maso yammacin Faransa sun daɗe suna yin haka don adana nama tun kafin a san firji, suna barin sa nutse cikin man. Alamar ya yi ita ce naman ya ja baya daga ƙashin ƙafa, tsinke ya shige ba tare da an tura ba. Ba ya shan mai yadda ake zato, kitsen jikinsa ma fita yake yi.

Daga nan hanya biyu ce. Ko a ɗora cinyar a busasshen kasko, fatar a ƙasa, har ta yi ƙarau, a ci da sinasir da romon tsamiya. Ko kuma a zare naman daga ƙashi, a ɗan daka a turmi, a mayar kasko da albasa da attaruhu da yaji, a yi ta juyawa har ya wargaje ya bushe. Dambun dinya ya fi na kaza ɗanɗano nesa ba kusa ba, ba ya kuma buƙatar ƙarin mai ko ɗigo. Shi na aika wa matar Yaya a kwano, washegari ta aiko a tambaye ni me na sa a ciki.

Wuya da fukafukai da ƙashin baya farfesu suke zama. Daddawa, citta, masoro, kimba, attaruhu, albasa, a ƙarshe ganyen ɗoɗɗoya. Sharaɗi ɗaya ne: a riƙa kwashe man da ke tasowa da ludayi. Idan romon ya ragu, washegari in kaɗa miyar yakuwa da shi. Hanta ba ta jiran kowa, suyar minti biyar ce da albasa, rabon mai girki.

Duk wannan a kan dinyar gida nake magana. Ta daji, baƙar nan mai fari a cikinta da ƙaya a fiffike, wadda ake gani a fadamun Haɗeja da Nguru, ba na karɓar ta ko kyauta aka kawo. Namanta ba shi da kitsen da waɗannan girke-girken suke buƙata, wurare irin su Dagona a jihar Yobe kuma an keɓe su ne don kare tsuntsayen ruwa. Ban da haka, an ruwaito cewa a wasu yankuna, musamman Gambiya, takan ci wani ƙwaro mai sa fata ta yi bororo, dafinsa mai suna kantaridin ya taru a namanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi.

Man da ya rage bayan an tsame cinyoyi nakan tace shi da kyalle mai tsabta in zuba a kwalba. Ruwan naman da ya kwanta a ƙasan tukunya ba na bari ya bi shi, shi ne yake sa mai ya lalace da wuri, cikin farfesu nake juye shi. A firji man yana yin watanni. Ya bambanta da kakiɗe, ba ya daskarewa a dasashi, a zafin Kano ma ruwa-ruwa yake zama sai da hunturu ya ɗan kama jikinsa. Da yake ƙamshin tafarnuwa da kanumfari ya riga ya shige shi, da shi nake soya dankalin Turawa da ƙwai, in kuma zuba cokali ɗaya a kan shinkafa da wake tare da yaji a madadin man gyaɗa.