Alhamis a birnin Kum na ƙasar Iran, ranar gyaran ganye

Yau babu karatu. Da hantsi Khanum maƙwabciyarmu ta aiko jikarta ta kira ni in taya ta gyaran ganye, don gobe Juma'a 'ya'yanta za su zo cin ghorme sabzi, wata miyar ganye ta mutanen Iran. Na tarar ta baza leda a tsakar falo, ganye tuli guda.

Tana ɗagawa tana faɗin suna da Farisanci, ina maimaitawa. Jafari shi ne faski. Gishniz ya yi kama da shi, sai dai ƙamshinsa ya fi ƙarfi. Tare kuwa dogo ne siriri kamar lawashi. Da ta miƙo min shanbalile, ina sunsunawa na gane hulba ce. Mu 'ya'yanta muka sani a gida, ana dafawa a sha don magani, ban taɓa ganin ganyenta a tukunyar miya ba. Ta ce kaɗan ake sawa, in ya yi yawa miyar ta yi ɗaci.

Suyar ce ta fi ɗaukar hankalina. Bayan mun wanke mun yayyanka ƙanana, ta zuba a mai, wuta can ƙasa, tana juyawa ba gajiyawa har koren ya koma kusan baƙi. Na ce, "Khale, ba zai ƙone ba?" (Khale kamar a ce inna ne.) Ta ce, "A'a 'yata, wadda ta yi gaggawa a nan, miyarta warin ɗanyen ganye za ta yi." Gobe za ta haɗa da naman rago, jan wake da limu amani, wato busasshen lemon tsami da ake hudawa kafin a jefa, ta bar shi ya yi awanni yana nuna a hankali. Wallahi ina ganin girman matan nan. Ganye a wurinsu shi ne miyar gaba ɗaya, kuma ba sa yi masa aikin ganin dama.

Da yamma na leƙa wurin mai kayan miya, na sayi piyaz da sir da havij, albasa da tafarnuwa da karas ke nan, da bakina ba da nuni ba. Sai ga bamiye, kuɓewa! A nan gudanta suke dafawa cikin tumatir, ba sa yankawa don gudun yauƙi, kuma mutanen kudu irin na Khuzestan ne suka fi son ta. Na sayi rabin kilo. Jibi in sha Allahu zan goga ta, in yi miya mai yauƙi, in rage barkono saboda Khanum, in kai mata ta ɗanɗana.