Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙyallayen Tela da Tafiyar Bonwire

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya a inda rashin wuta ya durƙusar da aikin waldar maigidana a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, to yau daga nan zan ɗora.

Wanda ya zauna Gana a 2015 ba sai an ba shi labarin dumso ba, wato matsalar ɗauke wutar lantarki, akwai lokacin da sai a ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, kuma sau da yawa cikin dare za ta zo kowa na barci. Mai walda kuwa in ba wuta ba aiki, haka zai fita da sassafe ya dawo da yamma hannu rabbana. Bai taɓa yi min ƙorafi ba, amma kuɗin cefanen da yake ajiye min ƙarƙashin rediyo kullum raguwa suke, ni kuma ga ciki ga yara biyu, ba halin in ɗauki talla in shiga kasuwar Kejetiya.

Gidanmu na Aboabo irin gidan hayar zango ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya famfo ɗaya, a ƙofar gida kuma akwai kwantenar wata tela. Duk yamma yaranta za su share ƙyallaye su cusa a buhu, in mai aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya zo a biya shi ya kwashe da sauran shara. Wallahi abin na ci min rai, atamfa mai kyau GTP da ATL har da guntayen Holan, wani ƙyallen ya kai tafin hannu biyu, wai shara. Rannan dai na cire kunya na ce Anti dan Allah in ba damuwa ki riƙa bar min buhun nan. Ta yi dariya ta ce ɗauki mana, kin rage min kuɗin bola.

Keken ɗinki kuwa dama akwai shi a ɗakin Hajiya, uwar maigidana, Singer ne na hannu baƙi wuluk. Na ƙanwarta ne da suka koma Najeriya a ƙarshen 1969 lokacin da gwamnatin Busiya ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasa, mota ta cika ba wurin keke, ta ce a ajiye mata za ta aiko, har Allah ya yi mata rasuwa ba ta aiko ba. Na zuba masa mai na goge tsatsa na sa sabuwar allura, sai ga shi yana tafiya lafiya lau, kuma shi ba ruwansa da dumso.

Da tabarmar goge ƙafa na fara, wadda ake tsira guntayen ƙyalle a jikin buhun shinkafa ana ƙullewa. Ana saya kam amma kowace unguwa akwai mai yi, kuɗin bai taka kara ya karya ba. Ni zanen gado nake so in yi. Na riƙa duba hotuna a Facebook in an samu caji, irin bargunan haɗin ƙyalle na matan Amurka masu taurari da kusurwa uku-uku, kyau kam ba magana, sai dai su sabon yadi suke saya takanas kala da kala su yanka da abin awo, ni kuwa abin da tela ta zubar shi ne jarina, yau ja ya yi yawa gobe kore. Tonawa ma, wato Ashanti, suna da nasu haɗin da suke kira asasawa. Na haɗa na farko murabba'i-murabba'i na shimfiɗa a igiya, Hajiya ta leƙo ta daɗe tana kallo ta ce "Yarinya sannu da aiki, amma wannan ai sai ka ce rigar mahaukacin kasuwa." Matan gida suka kwashe da dariya, ni ma na yi, dan gaskiya ido ba ya samun wurin tsayawa a jikinsa.

Ana cikin haka maƙwabciyarmu, wata Batoniya mai sayar da kenke da kowa ke ce wa Maame, za ta aurar da 'yarta tana son kente na asali ba bugun inji ba, ta ce in raka ta Bonwire, garin masaƙan kente, tunda na fi ta iya ciniki. Muka hau trotro, motar haya, ta hanyar Ejisu. Ni haifaffiyar Kumasi ce amma ban taɓa ganin yadda ake saƙa kente da idona ba sai ranar, kullum sai dai a jikin mutane.

Ita tana can tana ɗaga zannuwa ni na tsaya kan wani saurayi mai saƙa. Yana zaune cikin masaƙa ta katako, igiya biyu a maƙale tsakanin yatsun ƙafarsa, in ya danna wannan zare ya buɗe ya wurga ƙoshiya, ya danna ɗayar ya dawo da ita, zaren tsaye kuma an ja shi can nesa an danne da dutse, yana saƙa dutsen na matsowa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne faɗin abin da yake saƙawa bai wuce inci 4 ba, ɗan siriri dogo. Ashe babban zanen nan da sarakunansu ke yafawa ƙwarya-ƙwarya ne, na maza sai an jera sama da 20 an ɗinke gefe da gefe. Kuma ba haka kawai ake jerawa ba, in wurin ado mai nauyi ya faɗo a wannan layin to na kusa da shi wurin da ba ado ne zai zo daidai da shi, shi ya sa duk hayaniyar kalar kente ba ta gajiyar da ido. Na ce wa saurayin ɗan'uwa ɗan ware min biyu in gani, ya ɗora su kan cinyarsa ya ja ɗaya sama kaɗan, take zanen ya fito. Tun a trotro nake lissafi da yatsu har Maame ta ce lafiya kuwa. (Da na ji a Disamban 2024 UNESCO ta sa saƙar kente cikin kayan gadon duniya, yaron nan na tuna, da ƙafarsa duk kanta.)

Da na ba Hajiya labari sai ta taɓe baki ta ce yo wannan ne sabon abu? Ta sa na jawo mata tsohuwar akwatinta ta fiddo wani saƙi baƙi mai ratsin fari, rinin shuni, na mahaifiyarta ne da suka zo da shi daga ƙasar Kano zamanin fataucin goro ta Salaga. Shi ƙwaryarsa ma ba ta kai ta kente faɗi ba, an haɗa da ɗinkin hannu ƙanana-ƙanana. Ta ce "Duba batakarin Dagombawa ma, ai haka yake. Ku yaran yanzu abu na cikin ɗakinku sai kun je garin wasu kun gano." Na ce Hajiya ai ba ki taɓa buɗe akwatin ba, ta ce ke kin taɓa tambaya?

Daga ranar na canja aiki gaba ɗaya. Na yanki kwali faɗin yatsa huɗu ya zama ma'aunina, duk ƙyallen da ya zo faɗinsa ɗaya nake yanka shi, tsawo kuwa yadda Allah ya yi shi, gajere ko dogo duk ɗaya, kun ga kusan ba abin da ke tafiya a banza. Kafin yanka sai na jiƙa su daban-daban tukuna, dan wasu atamfofin masu araha suna zuba kuma suna tsukewa, in ba ki wanke ba ranar wankin farko zanen zai murɗe ja ya shiga fari. Leshi da shadda na ware su gefe, ba sa jituwa da atamfa a ɗinki ɗaya, wani na ja wani na saki. Sai in haɗa guntaye baki da baki su zama dogon layi, mai duhu ya bi mai haske, in goge kowane haɗi da dutsen guga na gawayi ya kwanta, wannan gugar ita ce rabin aikin kuma ita mutane ke ƙyuya. In na zo jera layuka sai in ja ɗaya sama kaɗan yadda yaron Bonwire ya yi, bayan kowane layi uku in sa siririn baƙi ko shuɗi mara ado irin ratsin saƙin Hajiya, a ƙarshe in yi masa shafi da akoko in naɗe baki.

Yanzu in mata suka tambaye ni a ina nake samo zane sai in ce su je layin 'yan atamfa a kasuwa su tsaya su kalli yadda ake jera turame a ninke, wane kala ke kusa da wane, masu shagon nan sun fi mu ido dan da shi suke cin abinci. Ni hoton waya yana burge ni amma bai taɓa gaya min yadda zan yi da abin da ke cikin buhuna ba.

Zanen farko da na gama a sabon tsari ko bushewa bai yi a igiya ba wata mai haɗa kayan ɗakin 'yarta ta taya, ta ce in ƙara mata rigar filo biyu. Daren nan ni na yi cefane, shinkafa da kifi, maigida ya ci bai ce komai ba sai da ya wanke hannu ya ce Allah ya yi albarka, gobe zai gyara min ƙafar teburin keken da ke rawa. Bayan bikin kuwa mata suka fara sallama a gidan, har wata daga Nima can Ankara babban birnin Gana ta aiko a yi mata uku.

To a nan fa Anti tela ta lura da masu shigowa, rannan na aiki yaro ya ɗauko buhu ya dawo ya ce wai ta ce in zo da kaina akwai magana. Yadda muka kwashe da ita sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.