Rafin da ya tare mu a hanyar Roberts Point

Har yanzu in na tuna rafin nan sai raina ya ɓaci. Ruwan sama dai mun san da shi, gabar yammacin tsibirin kudu na Niyu Zilan ba ta rabo da ruwa, shi ya sa kurmin da ke ƙasan kogin ƙanƙara na Franz Josef ya yi duhu, kowane icce lulluɓe da gansakuka. Mai masaukinmu ya ce yayyafi ne kawai, zai ɗauke kafin azahar. Ina fa!

Hanyar Roberts Point, tudun da ake hango kogin ƙanƙarar daga kansa, kilomita 11 ce zuwa da dawowa, ana ƙiyasta mata sa'a biyar da ɗoriya. Gadoji masu lilo, matakalar katako manne da jikin dutse, saiwoyi masu santsi kamar an shafa musu miyar kuɓewa, duk mun wuce lafiya. Muka tsallake wasu 'yan rafuka da ko idon sawu ba su kai ba, babu wanda ya ko waiwaye su.

A sama hazo ya rufe komai. Jiragen nan masu saukar ungulu da ke kai mutane kan ƙanƙarar, tun da bakinta ya rufta a 2012 aka daina hawa da ƙafa, ko ɗaya bai tashi ba ranar. Muka zauna jira har hazon ya ɗan yaye, sai ga ta, tsage-tsage, shuɗi a cikin kowace tsaga. Ta yi kyau, ba ƙarya. Amma duk zaman da muke yi, ruwan da ke sauka a kan duwatsu yana gangarawa ne cikin rafukan da ke bayanmu.

Da muka juyo, ɗaya daga cikinsu ya zama wani abu dabam, yana ruri, kana jin duwatsu na gwaruwa a ƙarƙashinsa. Muka rakuɓe gindin wani icce, jiƙe sharkaf, haƙora na kaɗawa, sai da ya ja baya muka haye riƙe da juna, Alhamdu lillahi. Ruwan yankin nan ba abin wasa ba ne, a watan Maris na 2019 kogin Waiho ya tafi da gadar mota ɗungurungum.

In za ka je ana ruwa, lura da kowane rafi tun a hawa, domin ta nan za ka dawo. In ruwan ya ƙara ƙarfi, ka juya tun kafin ka kai sama. Hasashen yanayi kuma, akwai ofishin baƙi na gandun dajin yankin a cikin ƙauyen Franz Josef, can za ka tambaya, ka ƙyale mai masauki.