Layi uku da na goge

Aikin farko da aka damƙa mini a kamfanin da na fara aiki bayan na gama karatu shi ne shara. Haka ogana ya kira shi. Muna haɗa manhajar wasu ƙananan na'urorin rarraba intanet, kuma Linux ne ke gudana a cikinsu. A kan kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urar, mun ɗora namu kod na rabon memori, wani ɗan sashe da ke ware wa katin sadarwa wurin ajiye bayanan da ke shigowa. Hannu da yawa sun taɓa shi tsawon shekaru, kowa da irin rubutunsa. Wani ya tura layi ciki da tab, wani da sarari huɗu, wani kuma ya rubuta sharhinsa, wato bayanin da ake barin wa mai karanta kod, da manyan baƙaƙe. Oga ya ce, "Ka daidaita mana shi da tsarin rubutun kanel. Amma kada ka canza abin da yake yi."

Rabin farko na maganar ya shiga kunnena sosai. Rabi na biyu kuwa na ɗauka ba sai an faɗa ba.

Linux yana da ƙa'idar rubutu a rubuce, tana nan cikin fayil ɗin coding-style.rst. Tab ɗaya daidai yake da sarari 8. An fi son layi kada ya wuce harafi 80, ko da yake a 2020 an sassauta, manhajar duba rubutu ba ta yin ƙorafi sai layi ya haura 100. Idan ka ga kana tura layi ciki fiye da hawa uku, ƙa'idar ta ce aikin naka ne ke buƙatar a sake shi. Manhajar duba rubutun nan sunanta checkpatch.pl, da harshen Perl aka rubuta ta. Na sake ta a kan fayilolinmu, ta zubo gargaɗi ɗaruruwa. Kwana uku ina bin su ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya na ji daɗin aikin, don duk lokacin da na sake dubawa sai in ga jerin ya ragu.

A rana ta uku na iso wurin da na yi ɓarna.

Idan wani sashe na kanel yana neman memori, dole ya gaya wa mai rabo halin da yake ciki. Wanda ya ce GFP_KERNEL yana nufin zai iya jira. Idan memori ya yi ƙaranci, mai rabo yana da damar kwantar da shi barci, ya je ya ƙwato shafukan memorin da ba a amfani da su, sannan ya tashe shi ya ba shi. Wanda ya ce GFP_ATOMIC kuwa cewa yake yi ba shi da halin jira, a ba shi daga ɗan abin da aka tanada don gaggawa, in babu a ce masa babu. Kanel yana da kwaɗuna, wato makullan da ke hana sassa biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda, kuma mai riƙe da irin kwaɗon da ake kira spinlock yana cikin waɗanda aka hana barci, domin duk mai neman kwaɗon tsaye yake yana kewayawa a wuri ɗaya har a sake shi. Idan mai riƙon ya kwanta, na'ura na iya sandarewa gaba ɗaya.

A fayil ɗinmu wurare bakwai suna neman memori da GFP_KERNEL, wuri ɗaya tak da GFP_ATOMIC. A samansa akwai sharhi mai layi uku, cikin Turanci mai karkata, yana ambaton sunan wani aiki, wato guntun kod mai sunan kansa, da wai shi ke kiran wannan. Na nemi sunan a duk kod ɗin, ban same shi ba. Sai na yanke hukunci cewa sharhin ya tsufa, abin da yake magana a kai ya mutu. Na goge shi, na mayar da wurin irin sauran bakwai ɗin, don ido ya ga komai bai ɗaya. Ashe sunan kawai aka canza shekarun baya. Aikin yana nan da ransa, kuma har yanzu da kwaɗo a hannunsa yake shigowa.

Gwajin farko ya wuce lafiya, domin muddin memori na nan a wadace babu wanda ake kwantarwa. Sai bayan kusan mako biyu na'urorin ɗakin gwaji suka fara ƙamewa cikin dare, lokacin da aka lafta musu kaya mai nauyi. Ba saƙo, ba alama, sai fitila a kunne. Wata abokiyar aikina ta kwana huɗu a kan matsalar kafin ta kunna CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP, wani zaɓin kanel na kama irin wannan kuskure, nan take kanel ya fito da kukansa, cewa an kira aiki mai barci a inda aka haramta barci. Da ta bi tarihin canje-canje da git, manhajar da ke adana wannan tarihi, sai sawu ya tsaya a kan facina, wato ƙunshin canjin da na miƙa. Faci guda ɗaya ne, ya taɓa layi kusan 900, kuma na sa masa suna gyaran tsarin rubutu. A cikin layi 900 ɗin nan guda ɗaya ne ya canza aiki, kuma babu mai bitar da zai hango shi a wannan tarin.

Na je ofishin oga ina jiran faɗa. Ya jawo mini kujera ya ce, "Zauna, ƙanena. Garin neman gira ka taɓa ido, amma zo ka ga yadda ake gane hakan tun kafin a bar tebur." Ya harhaɗa kod ɗin zuwa harshen na'ura kafin facina, ya sake harhaɗa shi bayan facina, ya warware fayilolin biyu da objdump, manhajar da ke nuna umarnin da na'ura ke karantawa, ya jera su. Ya ce gyaran rubutu na gaskiya ba ya canza abin da na'ura ke karantawa. In an ga bambanci, bai kamata ya wuce lambar layi da umarnin gargaɗi irin su WARN_ON ke ɗauka ba. A namu kuwa ga wata lamba ta daban a fili, a daidai wurin neman memorin. Minti goma ya isa in gano abin da ya ci wa abokiyar aikina kwana huɗu.

Na ce, "Yallaɓai, ai sharhin ƙarya yake yi, sunan da ya ambata babu shi." Ya ce rabinsa ne ya tsufa, kuma aikina shi ne in gano wane rabin. Sannan ya ba ni mako guda in karanta fayilolin sashen mm na Linux, inda ake sarrafa memori, ba tare da na taɓa ko waƙafi ba.

Wannan makon ya sauya yadda nake kallon sharhi. A saman mm/rmap.c akwai wani dogon sharhi da ba ya bayanin layi ko ɗaya na kod. Jerin kwaɗuna ne, wanne ake ɗauka kafin wanne. Mutum biyu, kowa ya riƙe ɗaya yana jiran na hannun ɗan'uwansa, shi ke nan an tsaya, kuma wannan jerin ne ke hana faruwar haka. Haka ma shingen memori, irin smp_wmb, wanda ke tilasta wa furosesa kada ya sauya jerin rubuce-rubucensa. Shi kaɗai a layi ba ya gaya maka komai, sai an rubuta da wane shinge yake tafiya a ɗaya ɓangaren. Shi ya sa checkpatch.pl kanta take gargaɗi idan ta ga shinge babu sharhi. Na ga kuma yadda manya ke ɗaukar tsufan sharhi da muhimmanci. A 2020, da aka canza sunan wani kwaɗo daga mmap_sem zuwa mmap_lock a Linux 5.8, an ware faci na musamman don bin sharhohin da ke ambaton tsohon sunan. Abin da ba a yi ba ke nan a wurinmu, kuma shi ya haƙa ramin da na faɗa.

Akwai wata asarar da ban taɓa tunaninta ba. Umarnin git blame yana nuna wanda ya taɓa kowane layi a ƙarshe da dalilinsa. Bayan sharata, layi 900 duk sunana suke nunawa, kuma dalilin da ke jikinsu gyaran rubutu ne kawai. Ana iya tsallake canjin sarari idan an ƙara wa umarnin -w, amma wahala ce aka ƙara wa mai bincike. Ga kuma gyare-gyaren da ake kwasowa daga sabon kanel zuwa tsoho, waɗanda ba sa zama daidai idan an motsa layukan da ke kewaye da su. Daga nan na fahimci abin da ya sa ake nuna wa sabon shiga drivers/staging, sashen da ake ajiye kod ɗin da bai gama nuna ba, ya koyi hannu a can, ba a tura shi mm ba.

Duk da haka ban yarda da masu cewa gyaran rubutu aikin banza ba ne. A 2014 layi ɗaya da aka maimaita a kod ɗin Apple, goto fail, ya sa ana tsallake wani muhimmin binciken tsaro, kuma yadda aka tura layin ciki ya sa ido na ganinsa kamar yana ƙarƙashin sharaɗin da ke samansa. Mai bita mutum ne, idonsa na gajiya, rubutu mai tsari na rage masa nauyi. Abin da na ƙi yanzu shi ne a cakuɗa gyaran da ba ya canza komai da wanda ke canzawa a cikin faci guda.

An janye facina, na sake aikin daga farko. Wannan karon faci shida na yi, kowanne da abu ɗaya: na tab daban, na dogayen layuka daban, na kuskuren haruffa daban. Kowanne sai na gwada shi da objdump kafin in miƙa. Na ƙarshe shi ne mafi ƙanƙanta, kuma shi ya cinye mini yini guda cur. Na bi duk hanyoyin da ake shigowa wannan aikin, na samu uku, biyu daga cikinsu da kwaɗo a hannu, ta ukun ma ya kamata ta riƙe shi, sai na kai wa oga ya gyara ta a nasa facin. Na rubuta sharhin sabo: wane kwaɗo ne mai kira ke riƙe da shi, me ya sa ba a barci a nan, da abin da mai kira zai yi idan aka ce masa babu memori. A ƙarƙashinsa, cikin faci na bakwai mai zaman kansa, na ƙara lockdep_assert_held, don kanel ɗin gwaji ya yi kuka da kansa duk ranar da wani ya shigo babu kwaɗon. Abokiyar aikin nan tawa aka ba bitar. Ta karanta sau biyu, ta gyara mini kalma ɗaya, ta sa hannu.